Khin Fo, Ƙarshen Gidan Lai na Taisak

An haifi Lai Khin Fo a Taisak, wani ƙauyen manoman masoro da roba a bayan duwatsun Montrado, a yammacin Kalimantan ta ƙasar Indonesiya, cikin ɗakin da aka haifi ubansa. Kakan kakansa ne ya fara saran dajin wurin, zamanin da Sinawa 'yan Hakka ke tsallako teku suna haƙar zinariya. Da zinariya ta yi ƙasa, mahaƙa suka koma noma, suka auri 'yan matan Dayak, ƙabilar 'yan asalin ƙasar, na ƙauyukan kewaye, suka riƙa binne matattunsu a wani tudu mai fuskantar rafi. Kafin Khin Fo ya yi wayo, kaburburan gidan Lai sun ci rabin tudun.

Ubansa, Bun Hin, gajere ne mai ƙarar murya, wanda bai taɓa ganin ƙasar Sin ba, ko bakin teku ma ba kasafai yake zuwa ba. Amma duk shekara ranar sharar kaburbura, in an yanke ciyawa, an jera kaza da naman alade, an kunna turare, sai ya kurɓi giyar shinkafa ya tara yara a gabansa.

"Ku buɗe kunne, 'yan banza," in ji shi. "Mu ba daga gindin roba muka tsiro ba. Lai sunan ƙasa ne. Ƙarama ce, amma da sarkinta da ganuwarta, can arewa inda ruwa ke daskarewa. Sarkin Chu ya zo da rundunarsa ya cinye ta, ya kora mutanenta gaba kamar awaki. Tsoro ya sa waɗansu suka ajiye sunan, wannan ya ce shi Lo ne, wancan ya ce shi Fu ne. Har gobe jininmu ɗaya da su. Amma kakanmu ya ce ko yanka shi za a yi, shi Lai ne."

Daga nan sai ya bi hanya da baki: yadda yaƙi ya sake tayar da su suka ƙetare babban kogi zuwa kudu, yadda suka zauna a duwatsun Jiangxi, yunwa ta tura su Fujian, daga can Guangdong. Duk inda suka sauka masu ƙasa na ce musu baƙi, har kalmar ta zame musu suna, don ma'anar Hakka ke nan. Ƙarshen labarin kullum jirgin ruwa ne, da mutum ɗaya mai gatari da tabarma.

Uwar Khin Fo 'yar Dayak ce, kuma ba ta taɓa barin labarin ya ƙare lafiya ba.

"Duk wannan doguwar tafiya," in ji ta, tana rarraba nama, "ashe gonar ubana kuka nufa."

"Rufe mana baki. Naku kakannin ko rafin nan ba su taɓa ƙetarewa ba."

"Ai ba wanda ya kore su."

Sai yara su bushe da dariya. Khin Fo kaɗai ba ya dariya. Ya haddace labarin kaf, har da wuraren da uban ke tsayawa ya yi tari. Ɗan kawunsa Ranggi, wanda suke kamun kifi tare tun ba su da wando, bai da sunan da yake kiransa sai ɗan sarkin da aka kora.

Ya girma ya gaji gonar masoro da layin roba. Ya auri Nyuk Lan, 'yar mai awara ta ƙauyen gaba, mace mai saurin hannu da saurin baki. Ta haifi mace, Siat Moi. Bayanta ciki ya yi ta zubewa. Tsoho Bun Hin ya fara kallon tudun kaburbura yana tsaki, don ƙannen Khin Fo maza tun suna yara zazzaɓi ya ɗauke su, sauran dangi kuwa mata ne, sun tafi gidajen wasu. Sai da Siat Moi ta isa ɗebo ruwa a rafi sannan Nyuk Lan ta haifi namiji. Tsohon yana kwance ba ya tashi, aka kai masa jaririn, ya buɗe zanen ya duba da idonsa, ya ce a kira shi Liung. Kafin yaron ya iya zama tsohon ya rasu, aka kai shi tudu.

A shekarar 1967 ke nan. Dama an daɗe ana jin ƙishin-ƙishin. Sojoji na farautar 'yan tawaye a dajin iyaka, ana cewa Sinawan ƙauye ne ke ba su shinkafa, sai kuma aka ji an kashe waɗansu dattawan Dayak, aka ɗora wa Sinawa. Khin Fo bai ɗauki maganar a bakin komai ba. Shi da bai taɓa ganin ɗan tawaye da idonsa ba, ina ruwansa?

Wata safiya yana tsaga roba sai ga Ranggi ya ɓullo ta cikin ciyawa, ba ta hanya ba.

"Ajiye wuƙar nan. Jan kwano ya iso ƙauyenmu."

Kowa a ƙasar ya san jan kwano. Ɗan ƙaramin kwano ne da jini a ciki, ana miƙa shi daga ƙauye zuwa ƙauye, kuma duk inda ya sauka dole maza su fita yaƙi.

"To da wa za ku yi?"

"Da ku."

Khin Fo ya yi dariya. "Kai dai ba ka girma. Uwata ƙanwar ubanka ce. Shinkafar da ke cikinka yanzu ta gidana ce."

"Ni na sani. Waɗanda ke gangarowa daga tudu ba su san uwarka ba, jar takardar Sinawa da ke ƙofarka za su gani. Ɗauki matarka da yaranka ka bi rafi, kada ka bi hanyar mota. Ni ma dole in fita tare da su, in na ƙi da gidana za a fara." Ya kama wuyan hannunsa ya matse. "Kada ka bari mu haɗu, Khin Fo."

A gida Nyuk Lan ta ɗaure shinkafa da tukunya, ta goya Liung. Khin Fo ya tsaya gaban teburin kakanni ya sauko da allon da aka sassaƙa sunayensu, katako ne mai nauyi, baƙi wuluk saboda hayaƙin turare.

"Katako za mu ci a hanya?" in ji ta.

"Apa ne da Akung, ubana da kakana. In bar su?"

"Su da suka saba tafiya, su biyo mu da ƙafarsu mana. Ɗauki shinkafa!"

Ya ɗauki allon, ya rage shinkafa. Da suka hau dutsen farko suka waiwaya, hayaƙi ya riga ya tashi daga wajen Taisak. A hanya suka haɗu da irinsu, ayari ya yi tsawo, tsofaffi na zama a gindin itace suna cewa a wuce za su biyo. Abin da suka gani a rafuka Khin Fo bai taɓa faɗa wa kowa ba har ya mutu.

A garin Singkawang na bakin teku aka zuba su cikin wani siton roba a bakin kogi. Mutum a kan mutum, warin roba da warin gudawa, rufin kwano ya gasa su da rana, ruwan sama ya shigo musu ta ƙasa. Ana raba kunun shinkafa mai kama da ruwan wanki. Ƙafafu suka fara kumbura. Kowace safiya amalanke na zuwa ya kwashi waɗanda ba su farka ba. Itacen girki ya fi nama wuya, kuma wata rana da Khin Fo ya dawo daga layin kunu ya tarar babu allon a ƙarƙashin tabarmarsa. Ya bi murhu murhu yana tona toka da hannu. A bayan sito ya sami kusurwarsa, ba ta kai tafin hannu ba, babu ko harafi ɗaya a jiki. Masu murhun suka sunkuyar da kai, yaransu na cin dafaffen rogo. Ya juya ya koma tabarmarsa.

Nonon Nyuk Lan ya ƙafe. Abin ya zama haihuwar guzuma, ɗa kwance uwa kwance. Bakin nan nata mai sauri ya mutu, sai ido. Ana gobe za ta cika ta jawo rigarsa.

"Ni ba ruwana da sunanku," ta ce. "Ɗana nake so ya yi haƙori. Ka ji ni?"

"Na ji."

"Ba ka ji ba. Kai kunnenka na wajen matattu."

Aka binne ta a rami ɗaya da waɗansu, ba alama. Siat Moi ta karɓi goyo. Tana tsoma tsumma a ruwan shinkafa tana matsa wa ƙaninta a baki, shi kuwa kullum ƙara sauƙi yake yi a bayanta, har ya daina kuka.

Cikin matan gari da ke kawo abincin sadaka daga ɗakin bauta akwai matar wani mai kantin yadi. Ta daɗe da aure ba haihuwa. Duk zuwanta sai ta tsuguna wajen Liung ta daɗe. Wata rana ta zo da mijinta, mutum mai tsabta da tabarau, wanda kowa ke kira Tauke, wato mai kanti. Ya toshe hanci da hankici, sai kuma kunya ta kama shi ya mayar aljihu.

"Ɗan'uwa, ba zan yi maka kwana-kwana ba," in ji Tauke. "Yaron nan ba zai ga sabon wata a nan ba. Ka ba mu shi. Akwai madara, akwai likita."

"Shi kaɗai gare ni. In babu shi gidanmu ya rufe."

"In ya mutu a tabarmar nan fa, gidan a buɗe yake?"

Khin Fo ya juya musu baya. Suka tafi. Washegari ya taɓa cikin yaron ya ji kamar ganga, ƙafafu kuwa kamar tsinken turare. Ya tambayi wata tsohuwa mai rabon kunu ko su wane ne mutanen jiya.

"Ba ka san Tauke Fu ba? Kantinsa na kusa da gada."

"Fu kika ce?"

"Fu mana. Kurma ne kai?"

Ya zauna yana nanata sunan a ransa har inuwa ta juya. Wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa sai ya kama. Ya ce wa kansa ai jini ɗaya ne, Apa da bakinsa ya faɗa, yaron gidan 'yan'uwa zai je, ba gidan bare ba. Ya kwance Liung daga bayan Siat Moi ya nufi gada, yarinyar na biye da shi tana tambaya ina za a kai shi.

Tauke ya faɗi sharaɗinsa a fili. Yaro zai zama Fu, zai kunna wa kakannin Fu turare, kuma Khin Fo ba zai taɓa zuwa ya ce nasa ne ba. Khin Fo ya gyaɗa kai. Aka miƙo masa jar ambulan, ya ture ta.

"Ba sayarwa na zo yi ba. Kun san Lai da Fu gida ɗaya ne?"

Tauke ya dubi matarsa. "Haka ne? To madalla," ya ce, irin amsar da ake ba wanda wahala ta taɓa wa kai.

Da matar ta miƙo hannu za ta karɓi yaron, Siat Moi ta kafa mata haƙora a damtse har jini ya fito. Sai da uban ya ɗauke ta cak, tana shure-shure, ya fita da ita.

Liung ya rayu. Khin Fo ya zama ɗan dako a bakin jirgi, suka sami wata bukka a fadamar bayan gari shi da 'yarsa, ita kuma ta shiga wankau a gidajen masu hali. Taisak ba komawa, an hana. Duk kayan da za a kai unguwar gada shi ke rigan kowa ɗauka, ko da ladan bai taka kara ya karya ba. Ta haka ya ga yaron ya yi haƙori, ya ga ya fara tafiya yana riƙe da teburin yadi, ya ga an sa masa farar rigar makaranta. Kunnuwansa na Bun Hin ne sak, manya, a buɗe kamar murfin tukunya.

Siat Moi ba ta yafe ba. Shekaru tana dafa masa abinci tana ajiyewa ba tare da ta dube shi ba. Ranar sharar kaburbura, da yake ba su da kabarin zuwa, sai ya kunna turare a ƙofar bukka ya fuskanci duwatsu yana karanta labarin sunan shi kaɗai. Wata shekara ta tsaya a bayansa har ya gama.

"Apa, koya mini."

"Ke ta gidan wasu ce. Gobe za ki haifa wa wani suna."

"To." Ta ɗauki kwandon wankinta. "Ka san hanya tun daga arewa mai ƙanƙara har nan, amma ba ka san hanyar ƙetare titi ka ɗauko ɗanka ba."

Bai mare ta ba.

Sau ɗaya ya taɓa yaron. Liung na koyon keke a gaban kanti ya faɗi a kwata, Khin Fo ya yar da buhun da ke kansa ya ɗago shi, yana share masa gwiwa da rigarsa.

"Na gode, Asuk," in ji yaron, kamar yadda zai ce wa kowane kawu na titi.

Khin Fo ya ɗaga ido ya ga matar Tauke a bakin ƙofa, fuskarta ta yi fari fat. Ba a rufa shekara ba aka sayar da kantin, gidan Fu suka koma Jakarta. Daga baya wani mai jirgi ya kawo labari cewa a can sun bi sahun mutane sun canja suna don a bar su su yi kasuwa lafiya. Yanzu su Pujianto ne, yaron kuma Herman.

"Ko Fu ɗin ma ba su riƙe ba," in ji Khin Fo. Ya yi wata dariya da ta sa 'yan dako suka matsa daga kusa da shi.

Mutane suka ce ya sake aure ko a dace. Ya auri wata bazawara mai sayar da ganye, suka zauna 'yan shekaru ba ko ɓatan wata, ta gaji da mutumin da ba ya magana ta koma wajen danginta. Siat Moi ta auri wani ɗan gidan Phang mai aiki a matoyar randuna, ta haifi 'ya'ya, dukansu Phang. Da bayansa ya ƙi dako, Khin Fo ya sayi lauje ya koma babbar maƙabartar gindin dutse, inda tsofaffi irinsa ke yanke ciyawar kaburburan masu arziki kafin 'ya'yansu su sauko daga jirgin sama lokacin shara.

A nan, yana dab da saba'in, ya ga an kawo gawar Tauke daga Jakarta an binne kusa da iyayensa. Shekarar da ta biyo, yana tsugune yana aiki, wani mutum mai ƙiba da takalma masu sheƙi ya tsaya a kansa, riƙe da gwangwanin biskit. Khin Fo bai dubi fuskarsa ba, kunnuwan ya gani.

"Asuk ne Lai Khin Fo?" Yaren Hakka ya tsere masa, sai ɓurɓushi, yana cike giɓin da yaren Indonesiya. "Ni ne Herman. Mama ta gaya mini komai bayan rasuwar Papa."

Laujen ya faɗi. Khin Fo ya miƙe yana goge hannu a wando, ya rasa inda zai sa su. Suka zauna a gefen kabarin wani. Herman mutumin kirki ne, ya yi ta tambaya ko yana cin abinci, ko rufin ɗakinsa na yoyo, me zai yi masa.

"Kana da ɗa namiji?"

"Biyu."

Khin Fo ya matso kusa da shi. "Biyu! To ba ni ɗaya. Ba ɗauke shi zan yi ba, ya zauna wajenka. Suna kawai. Ɗaya ya zama Lai."

Herman ya daɗe yana juya gwangwanin a hannu.

"Asuk, shekarun baya da aka ƙona unguwarmu a Jakarta, a saman rufi muka kwana da yaran nan. Na ga abin da suna ke jawowa. Ba zan rataya musu komai a wuya ba." Sannan ya ƙara a hankali. "Kuma in ma zan mayar da wani suna, na mutumin da ke kwance can zan mayar. Shi ya goye ni zuwa asibiti. Kada ka ji haushina."

"Ban ji ba," in ji Khin Fo. Kuma gaskiya ya faɗa. Ya nemi inda zai kama yaron da laifi bai samu ba, abin da ya fi ci masa rai ke nan. "To abu ɗaya. Kai ni Taisak. Ka tsaya gaban Akung ɗinka sau ɗaya, ya gan ka."

Herman ya ɗauki hayar mota. Siat Moi ta ce ba ta zuwa, sai da ya ce mata "Ace" da bakinsa, yadda ƙane ke kiran yayarsa, sannan ta shiga ɗaki ta daɗe, ta fito da jan ido da kwandon hadaya.

Khin Fo bai gane hanya ba. Inda ya san daji, kwakwar manja ce layi layi har iyakar gani. Inda ya san rafi, ramuka ne cike da ruwa rawaya, injinan masu neman zinariya na ruri a bakinsu, farin yashi ya rufe komai. Da tambaya suka sami Ranggi a wani gidan katako a bakin hanya, ya tsufa, ido ɗaya ya mutu. Ya daɗe yana kallon baƙon.

"Ɗan sarkin da aka kora," ya ce, sai muryarsa ta karye.

Ba su rungumi juna ba. Ranggi ya ba su labari yana kallon ƙasa. Shi ya riƙe gonar masoron bayan tafiyarsu, daga baya ya sayar, don yara na makaranta. Kaburbura kuwa ya yi shekaru yana yanke musu ciyawa, ai gwaggonsa ma na ciki. Sai masu injin suka zo suka ce akwai zinariya a ƙarƙashin tudun.

"Na yi magana. Wa zai ji ni?"

"Nuna mini wurin."

Ranggi ya kai su bakin wani rami mai faɗin fili. Ya nuna dama, ya sauke hannu, ya nuna hagu. "Nan ne. Ko kuwa wancan. Tudun ne babu, Khin Fo, da me zan gane?"

Siat Moi ta shimfiɗa takarda a kan yashi ta jera kaza da lemo. Khin Fo ya kunna turare ya ba Herman, ya nuna masa yadda ake riƙewa. Ya gyara murya ya fara, da ƙarfi don ya rinjayi injin. Ya faɗi ƙasar Lai da ganuwarta, ya faɗi sarkin Chu, ya ƙetare babban kogi. Herman na tsaye da ladabi, ba ya fahimtar ko rabi, takalmansa na nitsewa a laka. Waɗansu samari masu haƙa suka kashe injin ɗaya suka zo kallo, ɗayansu na tambaya ko lambar caca tsohon ke roƙo. Da Khin Fo ya kai duwatsun Jiangxi sai ya tsaya. Ya sake farawa daga kogi, ya sake tsayawa a wurin. Abin da ya haddace tun yana yaro ya ɗauke masa ɗif. Ya tsaya baki buɗe har turaren ya ƙone ya kai yatsun Herman, ya yar da shi.

"Ya isa, Apa," in ji Siat Moi. "Mu tafi, hadari na haɗuwa."

Suka koma gari. Da za su rabu Herman ya riƙe hannunsa da hannu biyu ya ce zai riƙa zuwa. Khin Fo ya jira ko zai ji ya ce masa Apa, amma Asuk ɗin dai ya sake ji.

Bai koma maƙabarta da lauje ba. Siat Moi ta ɗauke shi zuwa gidanta a bayan matoya, ta ba shi ɗakin da ake ajiye fasassun randuna. Yakan wuni a kan benci yana kallon masu loda itace. Jikoki na gaishe shi su wuce, ba ya tsayar da su. Herman ya cika alkawari gwargwado: ya aiko da kaya lokacin sabuwar shekara, ya aiko a ta biyu, ya yi waya gidan maƙwabta sau ɗaya, aka kira tsohon, suka yi ta "Lafiya?" "Lafiya" har magana ta ƙare musu.

Cikin damina ta uku tari ya kama shi. Siat Moi ce ke juya shi, tana wanke shi, tana masa faɗa in ya ƙi kunu. Wata rana da hantsi tana goge masa baki ya riƙe hannunta.

"Kin ciji matar nan da kyau," ya ce.

Ta yi dariya, dariyar ta juye kuka. Kafin la'asar ya cika.

Herman bai samu zuwa ba, aiki ya riƙe shi. Ya aiko da babban allon furanni da sunansa a jiki, wanda ya fi ƙofar gidan tsawo, har maƙwabta na tambaya wane ne wannan Pujianto. Aka binne Khin Fo a can ƙarshen maƙabarta, wajen da ruwa ke kwanciya, inda ake sa waɗanda ba su da fili na gado.

'Ya'yan Siat Moi duk sun watse neman abinci, waɗansu Jakarta, ɗaya Taiwan. Ita kaɗai ke zuwa shara duk shekara, da kwandonta. Bara gwiwa ta hana ta, ta sami wani mai lauje ta kwatanta masa wurin. Ya je ya wuni, ya dawo ya ce mata ambaliya ta kwantar da duwatsun kaburburan layin gaba ɗaya, ciyawa ta haɗe su, bai gane wanne ba ne, sai ya yanke na kusa da hanya ya taho.